Kwanciyar aure jiya da yau: wa ya fi morewa?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya: shin mutanen da sun fi mu jin daɗin kwanciyar aure, tunda ana cewa abincinsu ya fi gina jiki? Hajiya, jikin ɗan Adam bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne fargabar da ake shiga ɗaki da ita, kuma a nan na da sun sha wuya.

Mu fara da cuta. Tunjere ya ɓarke a Napoli ta Italiya a 1495, ya game Turai cikin 'yan shekaru. Sama da shekara 400 zaiba ce babban maganinsa, a shafa ko a turara, majiyyaci ya yi ta dalalar da yawu har haƙora su zube. Sai a 1910 aka samu maganin Salvarsan, a 1943 kuma aka fara warkar da shi da fenisilin. Mu ma ƙanjamau ta bayyana mana a 1981, amma akwai gwaji kafin aure, akwai kwaroron roba, akwai maganin da ke danne ƙwayar cutar.

Ta ɓangaren mace abin ya fi tsanani. Kowace kwanciya na iya zama ciki, kowane ciki na iya zama ajali. A babban asibitin Biyana ta Ostiriya, likitoci na tasowa daga fiɗar gawa su karɓi haihuwa ba wanke hannu, mata na ta mutuwa da zazzaɓi, har sai da wani likita mai suna Semmelweis ya tilasta wanke hannu a 1847. Hanyar ba da tazara kuwa galibi azalu (zubar da maniyyi a waje) ce da ƙauracewa, domin ƙwayar tsarin iyali sai a 1960 aka amince da ita a Amurka. Ko a ƙasar Hausa, mai goyo kan nisanci miji har kusan yaye, shekara biyu ke nan, don tsoron kwanika da gorin kishiya. Wadda ke lissafin wannan a zuci, ina ta ga sakin jiki?

Amma kada a ce na da jahilai ne a harkar. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta cewa kada miji ya yi gaggawar tashi kafin matarsa ta biya buƙatarta. Har yau akwai mazan da ba su kai nan ba. Kayan mata ma gadon kakanni ne.

Kuma sun tsira daga wasu matsalolinmu. Babu waya a kan gado, babu bidiyon batsa da ke sa mutum auna iyalinsa da ma'aunin ƙarya. Ciwon sukari da hawan jini, masu raunana namiji, sun yawaita a biranenmu. Tun fitowar Viagra a 1998 kasuwar maganin ƙarfin maza ta buɗe, ana sayar da gauraye-gauraye a tasha, alhali haɗa irinsa da wasu magungunan zuciya na iya kisa.

A ganina, namiji lafiyayye mai rufin asiri a da bai rasa komai ba, wataƙila ma hankalinsa ya fi namu kwanciya. Mace kuwa yau ta fi, nesa ba kusa ba, in dai asibiti na kusa da ita kuma ana sauraron ta. Wannan sharaɗin bai kai ga kowa ba. Matan da ke jiran aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina, yawancinsu doguwar naƙuda a gida ce ta kai su, kuma da dama mazajensu sun sake su.