Gargaɗi ga masu shan lofe: ku yi hattara da masu tallar "laita mai garanti har abada"

Jama'a barkanmu da war haka. Wannan saƙon na masu shan taba da lofe ne, da kuma masu yi wa iyaye ko kakanni odar kaya ta intanet, don Allah ku daure ku karanta kafin ku tura wa kowa kuɗinku. Akwai wasu mutane da ke ta yawo da talla a shafukan sada zumunta, suna sayar da laitar lofe irin wadda ake ɗura wa gas, wai orijina ce 'yar Japan, wai sun karya farashi saboda za su rufe shago, wai kuma akwai garanti har abada. Ba zan kama suna ba don sunan ba zai amfane ku ba, yau suna nan da suna kaza gobe sun canja, hoton ɗaya ne bidiyon ɗaya ne, lambar waya kawai ake sauyawa. Yadda suke aikin nake so ku gane, in kun gane shi ko da wane suna suka zo za ku shaida su.

Wanda ba ya shan lofe zai ce to laita ai laita ce, meye abin tayar da jijiyar wuya. Ba haka ba ne. Mai sigari sau ɗaya yake ƙyastawa ya wuce wurin, amma lofe sai ka kunna ka danna tabar ka sake kunnawa, in ya mutu a tsakiya ka kuma, cikin zama ɗaya za ka ƙyasta sau da yawa, kuma wutar ƙasa kake so ta shiga cikin kwanon ba sama ba. Shi ya sa laitar lofe ake yin ta wutarta na fita ta gefe, a karkace ko a kwance, don kada ka ƙona babban yatsanka, kuma wutar mai laushi ce irin ta kyandir, ba mai huci ba. Wato laitar mai lofe tana shan wahala fiye da ta kowa, in akwai ha'inci a jikinta nan da nan yake bayyana. Mutanen nan sun san haka, sun kuma san masu kyau irin su Old Boy ta kamfanin IM Corona na Japan suna da tsada, mutum yana so amma aljihu ya hana, to ta nan suke shigowa.

Hoton da suke sakawa na gaskiyar ne, ɗauko shi suka yi daga wurin masu sayar da na ainihi. Bidiyon ma haka, hannu ya buɗe murfi ya murza, wuta ta tashi lafiya lau. Kana yin magana za a ce maka saura ƙwaya uku kacal, in ba ka biya yau ba gobe farashi ya koma yadda yake. Ka ce za ka biya da kati ko ta manhajar da ke riƙe kuɗi sai kaya ya iso, sai a ce ai na'urarsu ta samu matsala, ka tura kai tsaye asusun wani mutum, kuma sunan da ke kan asusun daban da sunan shagon. Wlh duk wanda ya kai wannan gaɓar ya tsaya, kada ya ƙara taku ɗaya.

Su ba irin waɗanda ke cinye kuɗi su ɓace ba ne, wannan ne ma ya sa suka daɗe suna cin karensu babu babbaka. Kaya zai zo. Kwali mai kyau, ciki an shimfiɗa baƙin soso, ga wata 'yar takarda an rubuta garanti amma babu adireshi babu lambar da za ka kira. Na riƙe irin wannan laitar a hannuna na juya ta, abin da ya fara ba ni haushi nauyinta ne, don in ka ɗauka za ka ji ta da nauyi kamar ta kirki, amma da aka kwance sukurun gindin sai ga wani guntun ƙarfe an manna shi da gam a ciki, ba ya aikin komai, an sa shi ne kawai don hannu ya ji nauyi. Tankin gas ɗin kuwa 'yar roba ce siririya a ɓoye cikin rigar ƙarfe, kura da fatar akuya. Sunan kamfanin da ya kamata a ce an buga shi ya nutse cikin ƙarfen, fenti ne aka shafa, ka kankare da farce ya fita. Abin danna taba da ake zarowa daga gindi yana lilo, ba ya zama daram, ka sa a aljihu ka neme shi ka rasa.

Babbar matsalar dai yoyo ce. Laitar gas duk rayuwarta tana rataye ne a kan wasu 'yan zobban roba ƙanana da ke toshe bawul ɗin ɗuri na ƙasa da bawul ɗin da wuta ke fita a sama. In robar mai kyau ce kuma an yanka mazauninta daidai, sai ta yi shekaru. In ta banza ce, ka ɗura gas da daddare ka wayi gari babu komai a ciki, ko kuwa wutar ta riƙa yin yadda ta ga dama, yanzu 'yar mitsitsiya anjima ta yi tsalle ta lashe maka gira, ka murɗa abin daidaita wuta hagu ka murɗa dama duk ɗaya. Wata kuma ka rufe murfin wutar ba ta mutu nan take ba, sai ta ɗan ci gaba da ci a ƙarƙashi, kai kuma ka riga ka jefa ta aljihu. Wannan ba maganar asarar kuɗi ba ce kuma, maganar jikin mutum ce da gidansa. Akwai ƙa'idar duniya ta lafiyar laita, ISO 9994, wadda ta tanadi iyakar tsawon wuta da saurin mutuwarta da jure faɗuwa ƙasa da jure zafi, su kuma waɗannan buga lambar kawai suke yi a kwali, ai buga lamba ba wuya.

Yanzu ga inda wayonsu yake, kuma nan ne na fi so ku buɗe kunne. Laita mai gas a ciki kaya ne mai kama wuta, shi ya sa yawanci in za a aiko ta daga nesa babu gas ake aiko ta, wannan gaskiya ne, masu sayar da na ainihi ma haka suke yi. To su sai suka mayar da wannan garkuwa. Tunda kai ne ka ɗura gas da hannunka, duk abin da ya faru laifinka ne. Ka ce tana yoyo, a ce gas ɗinka ne mara kyau. Ka sayo wani gas ɗin, a ce ba ka fitar da iska ba kafin ka ɗura. Ka fitar da iska, a ce sanyi ne ya yi yawa, ka sa ta a aljihu ta ɗumama. Abin takaicin shi ne duk waɗannan maganganun suna da tushe, shi ya sa mutum yake yarda. Gas mai datti yana toshe ƙaramin hancin da wuta ke fita. Iskar da ta maƙale a tanki tana hana gas shiga, shi ya sa ake kifa laita a danna bawul ɗin ƙasa da ɗan tsinke har hucin ya ƙare kafin a ɗura, a kuma jira 'yan mintuna bayan ɗuri don gas ɗin ya bar sanyi. Shi kuma butane, wato gas ɗin laita, wajen digiri 0 na ma'aunin Selsiyos yake tashi daga ruwa ya zama iska, don haka a tsananin sanyi kowace laitar gas tana yin nauyin kamawa. Amma duk cikin waɗannan babu wanda ke sa cikakkiyar laita ta zama fanko cikin dare ɗaya tana ajiye ba wanda ya taɓa ta. Wannan yoyo ne, kuma yoyo daga wurin ƙira yake.

Haka za su yi ta jan ka da gwada kaza gwada kaza har kwanakin da za ka iya kai ƙara wurin bankinka ko manhajar su wuce. In ka matsa sai a ce to ka aiko da ita a canja maka, amma kuɗin aikawa naka ne, har da wani wai kuɗin dubawa, ka lissafa ka ga ya kusa kuɗin laitar. Mafi yawa nan suke haƙura. Wanda ya biya kuma shiru, daga baya ya ga an yi bulokin ɗinsa, in ya rubuta ƙorafi a ƙarƙashin tallar a goge cikin minti kaɗan, abin da zai rage sai yabo daga wasu asusu marasa hoto da duk rana ɗaya aka buɗe su.

Na ga har da laitar Zippo suna sakawa cikin tallar, wai ta lofe. Zippo tana da ta lofe da gaske, wadda aka huda rami a gefen makarin iskarta don ka kwantar da ita a bakin kwano ka ja wutar ƙasa, kuma kamfanin tun 1932 yake a garin Bradford na jihar Pennsylvania a Amurka, garantinsu na gyara kyauta sananne ne. Amma wannan garantin na kamfanin ne, a kan kayansu na ainihi, ba wani mai shafi ne zai ba ka shi ba, kuma jabu ba ya ciki. Ka duba gindinta, ta gaskiya rubutun a buge yake ya nutse, ta zamanin nan tana da harafi daga A zuwa L da ke nuna watan da aka yi ta da kuma lambar shekara. Sannan Zippo ta asali ba gas take sha ba, mai ne na ruwa da auduga da lagwani, kuma man yana bushewa da kansa ko ba ka kunna ba, wannan halinta ne ba lalacewa ba. Wasu masu lofe ma ba sa son ta saboda ƙamshin man yana taɓa ɗanɗanon taba in ba ka bari wutar ta ɗan ci kafin ka kai ta kwano ba. Wanda ke tallar bai ma san wannan bambancin ba, ka tambaye shi gas ko mai ya ce maka duka biyu.

Wasu za su ce ai dama araha ba ta ado, wanda ya sayi mai arha shi ya jawo wa kansa. Ni ban yarda da wannan ba gaba ɗaya, kuma ba na so a ɗora wa wanda aka cuta laifi. Akwai laita mai arha ta gaskiya da ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Clipper 'yar Sifen roba ce, ana ɗura mata gas, ana canja mata ƙanƙara, wato dutsen ƙyastu, har ma sandar ƙanƙarar ana zarowa, mutane da yawa da ita suke kunna lofe shekara da shekaru sai dai ka koyi karkata hannu. Bic ba a ɗura mata amma tana kamawa har gas ɗinta ya ƙare. Ashanar itace ma tana nan, tsofaffin masu lofe da yawa har gobe ita suka fi so, ka bari kan ya gama ci sannan ka kai. Ko waɗannan marasa suna da ake yi musamman don lofe, in mai sayarwa ya ce maka ga ta nan mai arha ce, wata takan daɗe wata ba ta daɗewa, ka saya da saninka, babu cuta a ciki. Cutar ita ce a ɗauki ta banza a lulluɓe ta da sunan wani, a karɓi kuɗin da ya ninka ƙimarta, a haɗa maka da garantin da babu shi.

Wani abu kuma, a wasu tallolin abin da ke zuwa ma ba mai laushin wuta ba ce, irin mai hucin nan ce mai shuɗiyar wuta da ake yi don sigari mai kauri. Kada ka kusanta ta da lofenka. Zafinta ya wuce kima, tana ƙona bakin kwanon ta mayar da shi gawayi, in aka jima ta ci ciki har itacen ya huje, lofen da ka yi shekaru kana lallaɓawa ya tashi aiki saboda laitar da ba ta kai rabin darajarsa ba.

Wanda tasa ta riga ta iso, ga abin da zai yi tun ranar farko kada ya jira. Ka ɗauki bidiyo tun daga buɗe kwalin. Ka ɗura gas a wuri mai iska nesa da wuta, ka kai gindin kusa da kunnenka ka saurara ko akwai siririn huci, sannan ka ɗiga ruwan sabulu kaɗan a bakin bawul ɗin ƙasa, in ka ga kumfa na tasowa to tana yoyo, magana ta ƙare. In ba ka ga komai ba ka ajiye ta kwana biyu ba tare da ka taɓa ba ka sake gwadawa. Ka kunna ka kashe sau da dama kana kallo ko wutar na mutuwa da zarar ka saki. In ta faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan kada ka tsaya musu da su a kan gas, kai tsaye ka kai ƙorafi inda ka biya, da hoton tallar da hirarku da rasit, kuma ka ɗauki hotunan tun yanzu don shafin na iya ɓacewa kafin gobe. Kada ka ƙara musu ko sisi da sunan kuɗin canji.

Ita kuma laitar da ke yoyo kada ka ce bari in lallaɓa da ita tunda na riga na biya. Kada ta kwana a aljihunka ko cikin mota, dama ko lafiyayyar laita an hana a bar ta a zafin da ya wuce digiri 50 ko a rana, balle wadda robarta ta saki. Ka fita waje ka kifa ta ka danna bawul har gas ɗin ya ƙare tas, sannan ka yar da ita inda yara ba za su tsinta ba. Wanda kuma ya ci karo da tallar, ya danna wurin kai rahoto ya zaɓi damfara, ya kuma tura wa duk wani mai lofe da ya sani, musamman dattawan da ba su saba da sayayyar intanet ba don su aka fi kamawa.