Gyaran kuros ɗin furofelar Marsandi: maigidan gwani ne, yaransa kuwa sai haƙuri

Duk mai riƙe da tsohuwar Marsandi W123, wadda aka fi sani da Regular, ya san kuros ɗin furofelarta ba irin na Land Rover ba ne da za a zare zobe a fitar a sa sabo. Furofela ita ce dogon ƙarfen nan na ƙarƙashin mota da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, kuros kuwa shi ne mahaɗin da ke ba ta damar lanƙwasawa, mai ƙafa huɗu, kowace sanye da kofi. Tun daga masana'anta Jamusawa suka daddaƙe bakin kofunansa a cikin ƙarfen, nufinsu in ya mutu ka sayi furofela sukutum. Tawa 230E ce 'yar 1983, samfurin kuma an daina ƙera shi tun wajen 1986, don haka duk furofelar da za ka samu a kasuwa ta gwanjo ce, ta sha hanya kamar taka. Shi ya sa da motar ta fara karkarwa a ƙarƙashin kujera, na kai ta wani gareji a Kaduna da ake ta yaba mini maigidansa.

Gaskiya ranar farko ya burge ni. Ya sauke furofelar, ya miƙo mini ya ce, "Alhaji, lanƙwasa da hannunka ka ji." Gefe ɗaya tana tafiya sumul, ɗaya gefen kuma sai ta cije a tsakiya ta yi ƙas. Da ya buɗe kofin, 'yan alluran ciki sun bushe ƙayau, giris ya zama jar ƙura, sun ma yi wa ƙafar kuros ɗin zane-zane. Bai ɗauki guduma ba, wannan kaɗai ya sa na saki jiki. A hankali ya goge daddaƙen da ƙaramin dutsen injin, ya tura kofunan da fires, wato injin matse ƙarfe, ya sa sabon yana aunawa ta kowane ɓangare don kuros ya zauna daidai tsakiya. Kafin ya raba furofelar biyu ma sai da ya buga alama a kan haƙoran da suke haɗa ta, ina tsaye ina gani. Ya ce a canza boris ɗin tsakiya da robarsa tunda an riga an sauke, na yarda. Robobin faifai na gaba da baya kuwa ya ce da sauransu, kada in ɓata kuɗi. Bakaniken da zai hana ka sayen kaya ai ba kullum ake samunsa ba.

To sai ga inda aka ɓata rawa da tsalle. Ɗaurawa ya bar wa yaransa, ya tafi ɗaurin aure. Cikin gari lafiya lau. Ina hawa titin Zariya, allurar gudu ta wuce 80, sai madubin tsakiya ya fara rawa har ba na gane motar da ke bayana. Karkarwar ta fi ta da. Na koma, babban yaron ko leƙa ƙasan motar bai yi ba ya ce, "Oga, tayoyinka ne." Tayoyin da ba a taɓa ba! Na ce a kira maigida, aka ce wayarsa a kashe take.

Da ya dawo ya shiga rami da tocila, ga alamarsa nan ɗaya gabas ɗaya yamma. Sun zura haƙoran yadda suka ga dama, alhali furofelar nan a haɗe aka daidaita nauyinta, da an goce shi ke nan. Ƙari a kan haka sun ɗaure boris ɗin tsakiya tamau mota tana kan jak, maimakon a sauke ta, a ɗan tura gaba da baya, sannan a ƙarasa ɗaurewa. Ya gyara da hannunsa bai karɓi ko sisi ba, amma haƙuri ɗaya bai ba ni ba, faɗa kawai ya yi ta yi wa yaran kamar ni ba na wurin.

Yanzu dai motar tana tafiya lafiya har 110, ba motsi. Zan iya komawa, amma sai ranar da na tabbata ba shi da biki. Kuma har yau shatin hannun giris yana nan a kan kujerar direba, farantin da ke kare zafin salansa kuma da waya suka ɗaure mini shi, don sun ɓatar da noti biyu.