Sharhi: darasin Ingilishin canji da aiken kuɗi ta WhatsApp

Wata cibiyar koyar da harsuna ce a nan Yamai ke turo darasin: murya ta minti biyar zuwa bakwai, sai takarda guda mai jimlolin da za a cike. An tsara shi ne don ƴan kasuwar da ke saro kaya a Kantin Kwari, Legas ko Akara, da masu tura kuɗi waje. Mun bi shi har ƙarshe. Ga wanda ya yi lakwal da Faransanci, darasin ya ci kuɗinsa. Wanda Hausa kawai yake ji zai sha wuya, don rabin bayanin da Faransanci ake yin sa.

Inda malamin ya fi ƙoƙari shi ne kan "borrow" da "lend". Mu da tushe ɗaya muke yin duka biyun: na ranci kuɗi, ka ranta mini. Shi ya sa bakinmu ke saurin cewa "borrow me". A kasuwar Kano za a gane ka, amma a takardar yarjejeniya kalma guda ce ke nuna wa ake bi bashi. Dabararsa ita ce kada ka haddace kalmar ita kaɗai: "borrow from", kai ka karɓa, "lend to", kai ka bayar. Haka "exchange" yake tafiya da "for", abin da ka bayar kafin "for", abin da ka karɓa bayansa. Ka juya su, ka nemi a ba ka sefa alhali naira kake so.

Sashen kalmomin da ke kama da na Faransanci shi ma ya yi kyau. "Caution" a wajenmu kuɗin jingina ne na haya, a Ingilishi kuwa gargaɗi ne, "deposit" ake cewa. "Monnaie" ba "money" ba ne, "change" ne. "Balance" ba sikeli ba ne a banki, ragowar kuɗin asusu ne. Ya kuma raba "refund", a mayar maka da kuɗinka, da "replacement", a musanya maka kayan. Mai odar kaya daga Sin ya riƙe wannan da kyau.

Sai babban giɓi: ba a taɓo batun rubutun lambobi ba ko kaɗan. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne a rubutun Faransanci. Mai Ingilishi ya ga wannan waƙafi, dubu ɗari shida da hamsin da biyar zai karanta, domin shi da ɗigo yake rubutawa, 655.957. Ga kuma lissafin dala da muka saba. Dala ashirin sefa 100 ce, jikka sefa 1000. Wanda ya fassara "dala ashirin" kai tsaye ya ce "twenty dollars" ya jawo wa kansa rigima. Darasin canji da bai gargaɗi ɗalibi kan wannan ba, da saura.

Sashen "juna" gajere ne, kuma ya isa: "each other", "in return", "mutual agreement". Sai dai an ɓata darasi guda kan bambancin "each other" da "one another", wanda su kansu masu harshen ba su damu da shi ba.

Muryoyin lafazin Ingila ne zalla, alhali abokin cinikinka ɗan Najeriya ne ko ɗan Gana. Takardun kuma hoto ne, rubutun ƙanana, a ƙaramar waya sai ka yi ta ja da yatsa. Gara a kai su wajen masu buga takardu a fitar. Gyaran aikin gida yakan makara, wani lokacin sai darasi na gaba ya shigo.

Kafin ka biya, nemi su turo maka darasin "transfer" na gwaji, ka duba ko ya rarrabe "sender", "beneficiary" da "fee" a kan takardar aike ta gaske.