Tiyon jan ƙarfe ko wayar litz: wanne za ka naɗa?

Malam, ka tambaya wanne ya fi wajen naɗa koyil (naɗi mai zagaye-zagaye da kuran lantarki ke bi) na zafafa ƙarfe da maganaɗisu a nan Damagaram, tiyon jan ƙarfe ko wayar litz mai silili da yawa. Abin da za ka zafafa shi zai raba gardamar.

Kuran mai saurin juyawa ba ya ratsa cikin waya, a bayanta yake gudu. A jan ƙarfe, a 50 Hz (juyi 50 a daƙiƙa) yana shiga kusan milimita 9, a 25 kHz (juyi dubu 25 a daƙiƙa) milimita 0.4, a 100 kHz kuwa 0.2 kacal. Shi ya sa waya guda mai kauri asarar kuɗi ce: tsakiyarta zaman banza take.

Litz ta magance wannan da silili ɗaruruwa, kowane da fentinsa mai hana kuran tsallakawa, an murɗe su suna musayar wuri. Kaurin silili ya gaza zurfin da kuran ke shiga. A 50 zuwa 100 kHz, milimita 0.1 ya yi. Ita ce a murhun girki na lantarki mai aiki da maganaɗisu, kuma a wuta ta fi tattali. Rauninta zafi: fentin bai jure fiye da digiri 155 zuwa 180. Kuma idan dalma ba ta kama duk sililin a bakin wayar ba, waɗanda ta kama su ɗauki nauyin, wurin ya yi baƙi.

Tiyo kuwa ramin cikinsa ba asara ba ne, hanyar ruwa ce. Na firij mai milimita 6.35 ya wadatar, muddin kaurin bangonsa ya ninka zurfin kuran sau biyu. Ka cika shi da yashi busasshe kafin lanƙwasawa don kada ya matse, ka bar milimita 2 zuwa 3 tsakanin zagaye da zagaye, kada su taɓa juna. Ruwan ne abin lura. Na rijiya yana barin farin ɓawo a ciki har ya toshe. Ka sa tataccen ruwan da ake ƙara wa batir (ba asid ba), da ƙaramin famfo da lagireto, musamman a zafin Afrilu da Mayu, domin kowane digiri ɗaya yana ƙara wa jan ƙarfe taurin wucewar kuran kusan kashi 0.4 cikin ɗari.

Idan bakin fartanya ko wuƙa za ka gasa har ya yi ja, tiyo za ka ɗauka, ba shakka. Ƙarfe na rabuwa da maganaɗisu a wajen digiri 770, daga nan zafin ya riƙa hawa a hankali, koyil ya daɗe yana shan zafin da litz ba za ta ɗauka ba. Idan tukunya ce bisa gilas, litz da fanka sun isa.