Daga Kaduna zuwa ƙololuwar Tubkal: yadda na ga aikin kamfanin da ya kai mu

Mafi yawan mutanenmu da suke zuwa ƙasar Maroko, ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani da ke Fas ce take kai su, wasu kuma sarin kaya ne a Kasablanka, kuma da wuya ka ji wanda ya ce ya je ƙasar domin duwatsunta. Wannan ne ya sa na tsaya na karanta da kyau lokacin da na ga sanarwar wani ƙaramin kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke nan Kaduna, wanda ya ce zai kai mutane tafiyar ƙafa ta kwana huɗu a cikin duwatsun Atlas, har zuwa ƙololuwar Tubkal mai tsayin mita 4,167, wadda babu dutsen da ya kai ta tsawo a duk Arewacin Afirka. Na biya, na je, na dawo lafiya a cikin watan Oktoba tare da abokan tafiya takwas, biyu daga cikinsu mata ne. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin ina da ƙorafi a kansa kamar yadda nake da yabo, kuma na riga na kai ƙorafin nawa ofishinsu baki da baki.

Aikin takardu ba shi da abin cewa. Su suka haɗa mana takardun neman biza zuwa Abuja, suka yanki tikitin jirgi daga Legas zuwa Kasablanka, daga can muka shiga jirgin ƙasa na kimanin awa uku zuwa Marrakesh, inda mota take jiranmu. Washegari da hantsi muka kama hanyar Imlil, ƙauyen da ke da nisan kilomita sittin da wani abu daga birnin, a tsayin mita 1,740, wanda daga nan kwalta take ƙarewa ga mai nufin dutsen, sai ƙafa da alfadarai.

Abin da ya fi burge ni a duk tsarin shi ne hanyar da aka zaɓa mana. Yawancin masu zuwa Tubkal kwana biyu suke yi: su tashi daga Imlil kai tsaye zuwa masaukin da ke gindin dutsen, su kwana, su hau da asuba, su sauko. Mu kuwa an karkata da mu yamma, muka haura mashigar Tizi Mzik mai kusan mita 2,500, muka gangara kwarin Azzaden, inda ƙauyuka na jar ƙasa suke manne da jikin dutse kamar a nan suka tsiro. Tun a ranar farko ke nan mun wuce tsayin Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda shi ne wuri mafi tsawo a Najeriya da mita 2,419. Jagoranmu, wani dattijo ɗan kwarin da yake jin Larabci da Faransanci da ɗan Turanci ban da harshensa na Tashelhit, ya bayyana mana cewa zagayen yana da dalili fiye da kallo. Jikin mutum yana buƙatar kwanaki kafin ya saba da ƙarancin iska, kuma wanda ya fito daga gari irin Kaduna, da bai wuce mita ɗari shida da 'yan kai ba, idan aka ɗaga shi zuwa mita dubu huɗu cikin kwana ɗaya da rabi, ciwon kai da amai ne za su tare shi a hanya. A can ƙololuwa, kowane numfashi yana shigar da kimanin kashi 60 cikin 100 ne kawai na iskar da mutum zai shaƙa a bakin teku. Da na ga yadda wasu baƙin da suka bi gajeriyar hanya suke zaune a ƙofar masauki sun dafe kai, na gane cewa kwana biyun da aka ƙara mana su ne mafi amfani a cikin kuɗin da na biya.

A ƙauyen Tizi Usem muka yi kwanan farko, a gidan wani magidanci da ya ware ɗakuna domin baƙi, kuma daren nan ne ya fi zauna mini a rai. Bayan sallar magariba a masallacin ƙauyen, mutane ba su watse ba, sai suka yi da'ira suka ɗauki hizbi guda suna karantawa da murya ɗaya, a ruwayar Warshu, irin wadda aka biya mana a makarantar allo. Na buɗe Alƙur'anin da aka miƙo mini, na ga fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa da ƙafun da ɗigo ɗaya a sama, daidai yadda malaminmu yake rubuta mana a Tudun Wada. Malikawa ne kamar mu, alwalarsu da tsayuwarsu duk ba baƙi ba ne a idona. Wani daga cikinmu, alaramma ne daga Rigasa, ya shiga cikin karatun ba tare da ya duba takarda ba, kuma da aka shafa limamin ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Kamfanin ba shi ya shirya wannan ba, amma shi ya zaɓi ya sauke mu a gidan mutane maimakon ya kafa mana tanti a bayan gari, kuma na ba shi wannan ladan. A jikin allunan hanya da na makarantu kuma akwai rubutun Tifinag, ɗan uwan wanda Buzaye suke yi a ƙasar Azbin, domin tun shekarar 2011 harshen Amazig mai wannan rubutu, wanda Tashelhit na mutanen kwarin reshensa ne, ya zama harshen hukuma a Maroko tare da Larabci.

Kwarin bai gama warkewa ba. Girgizar ƙasar da ta auku a daren 8 ga Satumba, 2023, mai ƙarfin maki 6.8, a wannan lardi na Al Hawuz ta fi yin ɓarna, ta hallaka mutane fiye da 2,900. Mun wuce gidajen da bangonsu ya tsage daga sama har ƙasa, kusa da su kuma sababbin gine-gine na bulo da siminti da ba su yi kama da tsofaffin ba. Jagoranmu ya roƙe mu kada mu ɗauki hoton kangon kowa sai da izini, ya kuma ce idan muna son taimakawa, mu sayi tuffa da zuma da barguna a hannun masu su. Na ji daɗin cewa masu alfadaranmu da mai dafa mana abinci duk 'yan ƙauyukan ne.

Abincin kuwa ya wuce yadda na zata. Da safe burodi da man zaitun da zuma da shayi mai na'a-na'a, da rana a shimfiɗa tabarma a bakin rafi a kawo tumatir da albasa da wake da kifin gwangwani, da dare kuma miya mai zafi, sannan tajin, wato nama da kayan lambu da aka turara a tukunyar ƙasa mai murfi kamar malfa, ko kuwa kuskus wanda duk mai cin burabusko zai karɓe shi hannu biyu. Babu fargabar yanka, kuma ba a taɓa sa mu zaɓi tsakanin tafiya da lokacin salla ba, domin jagoran da kansa yake tsayawa ya nuna alƙibla, mu yi ƙasaru mu ci gaba. Yaji ne kawai babu, kuma Hajiyar da ta yi dabarar ƙunso nata daga gida ita ta rufa mana asiri duka.

Yanzu ga inda kamfanin ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Jerin kayan da za mu tanada bai iso mana ba sai ana saura kwana huɗu mu tashi, kuma da na tambayi ma'aikacin ofishin game da sanyi, amsar da ya ba ni ita ce: "Alhaji, ai rigar da kake sawa da hunturu ta wadatar." Ba ta wadatar ba. Sanyin hunturun Kaduna, ko na Jos ma, ba ya daskarar da ruwa a cikin gora, amma a daren da muka kwana a masaukin gindin Tubkal, a tsayin mita 3,200, ruwan da aka bari a waje ya wayi gari da ƙanƙara a samansa. Ni na tsira ne saboda wani abokina da ya taɓa zama a Turai ya matsa mini na shiga Kasuwar Barci na tsinto riguna masu kauri na gwanjo da safar hannu da hular sanyi. Uku daga cikinmu sun zo da takalman motsa jiki masu santsin ƙasa, dole suka yi hayar takalman hawa a Imlil da kuɗin da ba su yi lissafinsa ba, kuma takalmin da ƙafa ba ta saba da shi ba, kanta yake fitarwa tun a wuni na biyu. Duk wanda yake sayar wa mutanen ƙasar zafi tafiya irin wannan, wajibi ne ya zaunar da su wata guda kafin tashi, ya nuna musu kayan a zahiri, ya ce su je su gwada ƙafafunsu ko da a dutsen Kufena ne na Zariya. Na fahimci daga baya cewa babu ko mutum ɗaya a ofishin da ya taɓa taka dutsen da ƙafarsa. Haka kuma ba a gaya mana cewa al'ada ce a yi wa masu alfadarai da kuku ihsani a ƙarshen tafiya ba, sai muka tsinci kanmu muna harhaɗa ragowar dirhami a gaban mutanen da suka yi kwana huɗu suna ɗawainiya da mu, abin da ya sa ni jin nauyi ƙwarai. Batun kwanciyar mata ma an bar shi a buɗe: a gidajen ƙauye an ba su ɗakinsu, amma masaukin dutsen ɗakunan taro ne masu gadaje hawa-hawa, kuma jagoran ne ya yi ta magana da masu wurin har aka keɓe musu lungu guda da labule.

Wuni na uku shi ne mafi wahala a wurina, fiye da ranar ƙololuwar kanta. Daga makiyayar Tamsult, bayan mun wuce wani magangarin ruwa da yake zubowa daga tsagin dutse, hanya ta miƙe sama zuwa mashigar Agelzim mai fiye da mita 3,500, tana lanƙwasa dama da hagu sau da yawa har mutum ya daina ƙirgawa. Jagoran ya sa mafi rauni a cikinmu a gaba, ya hana kowa wuce shi, yana maimaita mana cewa a hankali ake cin dutse. Da muka kai sama, sai ga jerin ƙololuwai a gabanmu babu itace ko ɗaya, iska tana kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum, ƙauyukan da muka baro kuma sun koma kamar ƙwayoyin dawa a ƙasan kwari.

Ƙarfe huɗu na dare muka tashi ranar ƙarshe, kowa da tocila ɗaure a goshi, muka yi sallar asuba a kan hanya da taimama. Tsakuwa ce zalla mai zamewa a ƙarƙashin ƙafa, taku uku sai a tsaya a ja numfashi. Ana saura kaɗan mu kai mashigar ƙarshe, dattijon cikinmu ya fara tangaɗi, maganarsa tana sarƙewa. Ya dage cewa zai ƙarasa, amma jagoran ya dafa kafaɗarsa ya ce masa cikin Larabci, dutsen yana nan ba zai gudu ba, ya haɗa shi da mataimakinsa suka juya ƙasa nan take. Tun bayan kisan da aka yi wa wasu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido kusa da Imlil a watan Disamba na 2018, hukuma ta wajabta tafiya da jagora, kuma jami'an tsaro suna duba fasfo a kan hanya, amma kamfaninmu ya biya kuɗin jagora biyu maimakon ɗaya, kuma ba don haka ba da ko dai mu duka mu koma, ko a bar mara lafiya ya sauka shi kaɗai. Mu takwas muka isa alamar ƙarfen nan mai siffar dala da ke bisa ƙololuwa bayan rana ta fito, muka yi kamar minti ashirin, sanyi ya koro mu.

A hanyar saukowa muka bi ta Sidi Shamharush, wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti wanda mutanen yankin suke dangantawa da sarkin aljannu, sunan da alaramma ya ce ya sha gani a tsofaffin littattafan malamai na gida. Mun sha lemon da aka matse a rumfar da ke gefen rafi, muka wuce, muka shiga Imlil da la'asar sakaliya gwiwoyi suna rawa.

Wanda yake da lafiyar ƙafa da ta ƙirji, kuma zai iya tafiyar awa shida zuwa takwas a wuni, ina ba shi shawarar ya yi wannan tafiya da su, da sharaɗin ya nemi jerin kaya a rubuce tun ranar da ya biya kuɗin farko, ya tambayi ko jagora nawa ne za su raka ayarin, ya tabbatar hanyar Azzaden za a bi, ya kuma ga likita idan yana da hawan jini ko asma. Da na koma ofishin da ƙorafina, mai kamfanin ya saurare ni har ƙarshe, ya rubuta abin da na faɗa, ya ce shi da kansa zai bi ayari na gaba. Na ce masa idan ya tashi, ya fara biyawa ta Kasuwar Barci, kuma na ba shi aron safar hannuna.