Feedly a teburin ma'aikacin laburare

Wani ɓangare na aikinmu a laburare ba ya fitowa fili: sa ido kan abin da aka wallafa sabo, a kai wa mai buƙata tun kafin ya tambaya. Da can shafi-shafi nake bi, wannan mujalla, waccan jarida, har rabin safiya ta tafi. Yanzu manhajar Feedly, mai tattaro sababbin rubuce-rubuce daga shafukan intanet, ke yi mini wannan zirga-zirgar, kuma gaskiya na samu sauƙi.

Manhajar ta dogara ne da RSS, tsohuwar fasaha da kamfanin Netscape ya fito da ita a 1999. Shafin da ke da ita yana ajiye wani ɗan fayil mai ɗauke da kanun sababbin rubuce-rubucensa da kwanan wata da mahaɗi. Feedly na leƙa fayil ɗin lokaci-lokaci, ta kwaso abin da ya ƙaru ta jera maka. Lokacin da Google ya rufe Google Reader, manhajarsa ta karanta RSS, ranar 1 ga Yuli, 2013, da yawa sun ɗauka an yi wa RSS jana'iza. Ashe da sauran numfashi.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne ni ke zaɓen majiyoyina. Babu wata na'ura da ke yanke mini abin da ya cancanci gani saboda ya jawo cece-kuce. Abin da na yi rajista shi ke zuwa, in na ga dama in jera shi sabo a sama, in na gama karantawa kuwa na gama.

Inda ta fi yi mini rana shi ne hidimar masu bincike. Wata malama da ke nazarin cutar sikila ta roƙe ni in riƙa sanar da ita sababbin maƙalu. Na shiga PubMed, rumbun maƙalun kiwon lafiya a intanet, na rubuta kalmomin bincikenta, na danna maɓallin RSS da ke ƙarƙashin akwatin, na kwafi adireshin da ya ba ni na liƙa a Feedly. Shi ke nan. Duk maƙalar da ta shigo rumbun ta dace da kalmomin, sai ta faɗo cikin jakar da na ware wa malamar, in tace, in tura mata. Haka nake yi da arXiv, wani rumbun maƙalun kimiyya, ga 'yan lissafi da fiziks. Shafukan da aka gina da manhajar WordPress kuwa, galibi ƙara /feed a ƙarshen adireshi ya wadatar.

Akwai abin da ke ɓata mini rai, kodayake ba daga manhajar yake ba. Wasu mawallafa kanu da layi ɗaya kawai suke sakawa, dole sai ka koma shafinsu. Wasu kuma su sauya adireshi shiru, majiya ta ƙafe, kai kana zaton ba su fitar da komai ba ne. Shi ya sa nake zagaya jakunkunan a kai a kai, in duba wadda ta daɗe ba ta motsa ba.

Tsarin Feedly na kyauta ya tsaya a majiya 100, wanda ya ishi mai karanta labarai don kansa, amma laburaren da ke hidimar sassa da yawa zai cike shi da wuri. Ana iya fitar da jerin majiyoyin gaba ɗaya a fayil na OPML (tsarin ajiye jerin majiyoyi), a kai shi Inoreader ko wata manhajar karanta RSS, ko a miƙa wa abokin aikin da ya karɓi teburin, ya ɗora daga inda aka tsaya.