Gyaran Fijo 504 ɗina a wani garaji na Zango, da abin da ya same ni a Takeita

Motar da nake magana a kanta Fijo 504 ce doguwa mai kujeru jeri uku, haɗin Kaduna ta 1984, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Duk shekara ina jingine ta a cikin gida da zarar damina ta kankama, domin ƙasanta ya fara tsatsa kuma ba na son ta riƙa kutsawa cikin ruwan da ke kwanciya a lungunanmu, sai ƙarshen Oktoba in fito da ita, lokacin da hanya ta bushe, sanyi ya fara shigowa, bukukuwan aure da ziyarce-ziyarce suka taso. A bana ta yi wata huɗu da 'yan kwanaki ba a tayar da ita ba, saboda haka na kai ta wurin wani dattijon makanike a unguwar Zango ta nan Damagaram, wanda tun zamanin mahaifina yake taɓa ta, na ce a duba mini ita gaba ɗaya kafin tafiyar da zan yi da iyali zuwa Matamaye.

Zan fara da abin da ba zan iya hana shi ba, wato gwaninta. Man da aka bari a tanki ya tsufa, ya bar danƙo a cikin karbureto har ƙananan ramukan da mai ke bi suka toshe. Dattijon ya kwance karbureton, ƙirar Solex, da hannunsa, ya wanke, ya hura, ya mayar, sannan ya daidaita filatin ɗin delko, wato abin da ke raba wuta ga fulogogi, ya kuma gyara tafiyar inji da kunne kawai, ba tare da wata na'ura ba. Da ya gama, injin yana bugawa a natse kamar yadda na san shi ina yaro. A cikin tukunyar tace iska kuma ya tarar da sheƙar ɓera, ya share ta, ya zuba sabon baƙin mai a gindinta, yana cewa ƙurar hunturun Damagaram ba ta yafe wa injin da aka bari da busasshiyar matatar iska. Yaran zamani da suka taso a kan Toyota ba su san wannan aikin ba, kuma a ranar na bar garajin ina yabonsa a gaban duk wanda na haɗu da shi.

Cikin abubuwan da na rubuta masa a takarda har da tiyon ruwa guda biyu na radiyata, na sama da na ƙasa. Ni da kaina na aika aka sayo su daga Ƙofar Ruwa a Kano, domin na san roba takan mutu a tsaye ko da mota ba ta motsa ba, kuma na miƙa su hannu da hannu. Ranar da na je ɗaukar motar na ɗaga murfin inji, na ga tiyon sama sabo, na leƙa ƙasa na ga baƙin abu yana ƙyalli, na gamsu, na biya abin da aka ce in biya ba tare da na nemi ragi ba.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka kama hanyar Maraɗi, ni da uwargida da yara huɗu da ƙanwar mahaifiyata, wadda shekarunta sun haura saba'in. Muna gab da Takeita, inda ake karkata kudu zuwa Matamaye, sai na ga allurar zafi ta haura wurin da ta saba tsayawa, kafin in gama sauka gefen kwalta tururi ya turnuƙe gaban motar. Na kashe inji nan take. Da hayaƙin ya lafa na durƙusa na duba, sai ga tiyon ƙasa ya tsage kusa da bakin radiyata, ruwan duka ya zube a ƙasa. Na kai hannu na shafa shi, sai yatsuna suka dawo da maiƙo. Tsohon tiyo ne, wanda shekarunsa ni kaina ban san iyakarsu ba, an goge shi da baƙin mai don ya yi ƙyalli irin na sabo. Ba zan iya kwatanta abin da na ji a lokacin ba, ga dattijuwa zaune a gindin bagaruwa tana tambayata ko lafiya, ga masu motocin haya suna wucewa suna rage gudu don su kalli tsohuwar Fijo da ta mutu a hanya, kamar dai abin da kowa ke jira ke nan daga gare ta. Wannan kallon ya fi mini ciwo, domin motar ba ta yi laifin komai ba. Ita ce aka zaɓa motar shekara a Turai a 1969, ita ce ta yi shekaru tana jigilar mutane tsakanin Damagaram da Kano kafin a san wata Hiace, sai ga shi an kunyata ta a kan tiyon da kuɗinsa bai kai na cika tanki ba.

Wasu samari sun taso da jarka suna cewa a ɗaure tsagar da roba a zuba ruwa mu ci gaba. Na gode musu na ƙi, saboda kan injin 504 na alminiyom ne, jikinsa kuma na baƙin ƙarfe, idan aka kwara masa ruwan sanyi yana cikin wannan zafi kan yana iya lanƙwashewa, daga nan sai shimfiɗar da ke tsakaninsu ta ƙone, ruwa ya haɗu da mai.

Na kira dattijon a waya, kuma ban ɓoye fushina ba. Bai yi musu ba, bai kuma ce in kawo motar ya gani ba. Abin da ya ce shi ne, "Ɗana, kada ka bari kowa ya taɓa ta, ga ni nan tafe." Kafin azahar sai ga shi a bayan babur, mutumin da ya girmi motar nesa ba kusa ba, ya yi tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai cikin iska, riƙe da tiyona sabo fil a cikin ledarsa ta Kano. Ya same shi a akwatin kayan aikin ɗaya daga cikin yaransa, wanda ya ga wurin yana da wuyar kai hannu, ya zaɓi ya goge tsohon ya huta. Dattijon ya fara zuwa ya gaida innata, ya ba ta haƙuri, sannan ya kwanta a kan yashi ya ɗaura tiyon. Bayan ya cika ruwa ya tayar da inji, ya tsaya yana kallon bakin radiyata ko zai ga kumfa na tasowa, ya zaro sandar awon mai ya duba ko launinsa ya koma kamar shayi da madara, ya jira har fankar nan mai kama kanta da maganaɗisu ta ɗauka. Sai da ya tabbatar babu ko ɗaya daga cikin alamun ɓarna ya ce mu tafi. Na miƙa masa kuɗin babur ya ture hannuna, ya ce, "Tsakanina da mahaifinka ya wuce haka." A wannan lokacin, gaskiya, na yafe komai, har na ji kunyar irin muryar da na ɗaga masa a waya.

Sai dai bayan mun dawo gida na zauna da takardar nan na bi ta layi-layi, tun da na daina yarda da ƙyalli, kuma abin da na gani ya dawo mini da ɓacin raina. Man birki, wanda na rubuta a zubar a sa sabo domin yana shan danshi idan ya daɗe, yana nan baƙi kamar shayin farko na Buzaye, ciko kawai aka yi masa a sama. Da wannan birkin na ɗauki mutum bakwai. Kan batir ɗaya ba a ɗaure shi sosai ba, da hannu na juya shi. Tayar ajiya ba a ko sauko da ita daga ƙarƙashin motar ba, balle a duba iskarta. Duk aikin da dattijon ya yi da hannunsa babu abin cewa a kansa, duk wanda ya bar wa yara kuwa ko dai an yi rabinsa ko ba a taɓa shi ba, kuma shi bai bi bayansu ya duba ba, alhali sunansa ne mutane ke bi su kawo mota, ba na yaran ba. Zuwansa Takeita halin girma ne, amma da ya sunkuya minti biyu a garaji ya matsa tiyon nan da yatsa, da ba a kai ga haka ba.

Akwai kuma zakin gaban motar, wato tambarin Fijo. Lokacin da na kai ta yana nan a maƙale a ragar gaba, wanda ya zo da ita tun daga Kaduna, yanzu kuwa sai ramukansa. An ce an cire shi ne lokacin wanki, an ajiye shi a wani wuri da ba a tuna ba.

Na mayar da motar an canja man birki, wannan karon na ɗauki kujera na zauna a gefe tun daga farko har aka gama fitar da iska a ƙafa huɗu, kuma haka zan riƙa yi daga yanzu, domin ban san wani a garin nan da zai iya mini karbureto kamarsa ba. Ranar Lahadi na je kasuwar Mirya na dawo, allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Zakin dai har yau ban gan shi ba, an ce in koma ranar Alhamis.